Wuƙar da Alu Ya Zo da Ita

Alu mahauci ya baro Tawa da siririyar wuƙar ubansa, wadda yake yanyana naman kilishi da ita har ana hango rana ta cikinsa. A Mamobi ta ƙasar Gana kuwa, inda ya sauka, ba mai son yanka. Masu miyar fufu sara suke so, nama da ƙashi haɗe.

"Baba Alu, bar shafa shi, sare shi!" haka Barikisu mai abinci take ce masa kullum.

Shekara ashirin yana sara da adda yana tsaki, ya canza rumfa sau huɗu. Ran nan ya zaro wuƙar don ya nuna wa Barikisu aikin gaske. Hannunsa ya ɗaga da kansa, ya sauko da ƙarfin sara. Wuƙar ta karye biyu.