Harsashin Dila a Kafaɗar Barewa

A duk yankin Loxton babu wanda bai san Aletta Kritzinger da abu biyu ba: harbi da faɗa. Doguwa ce busasshiya, rana ta gasa mata wuya da hannuwa, kullum tana cikin wandon kaki da hular da gumi ya cinye bakinta. Yara kan ce idan Gwaggo Aletta ta shigo kantin manoma, har karen mai kanti sai ya nemi ƙarƙashin benci. Ba ta taɓa aure ba. An ce wani malamin makaranta ya taɓa nemanta, ya zo cin abincin Lahadi, garin hira ya ce ai dila ma halittar Ubangiji ne, shi ma da rabonsa a duniya. Ko faranti bai gama ba ta ɗauko masa hularsa.

Ba a banza ta tsani dila ba. Tana 'yar budurwa ta fita duba tumakin mahaifinta da sassafe, ta iske wata tinkiya kwance tana naƙuda. Dila ya cinye ɗan tun yana rabin fitowa, ya haɗa da bayan uwar, ya bar ta da rai tana kallon sama. Da hannunta ta yanka tinkiyar. Tana ɗagowa ta hango dilan can kan tudu a zaune, yana lasar baki, ya san inda harsashin gidansu yake kaiwa ya zauna gaba da nan kaɗan.

Mahaifinta, tsoho Sarel, shi yake ɗura harsashinsa da kansa a wani ɗan ɗaki bayan rumfar askin tumaki. Ya tsince kwanson da aka harba, ya wanke, ya matse shi ya koma daidai, ya sa sabuwar 'yar ƙwayar da ke kunna wuta a gindi, ya auna albarushi a sikeli, sannan ya danna dalma a baki. Amma dalmarsa mai nauyi ce, ta manyan namun daji. Idan ta yi nisa sai ta sunkuya ƙasa kamar jifan dutse. A filin Karoo kuwa, inda babu bishiyar da mutum zai raɓa, dila ba ya bari a matso shi.

Aletta ta ƙwace ɗakin nan daga hannun tsohon. Ta koma wa ƙaramar bindiga da ƙaramar dalma, wadda ba ta fi ƙwayar wake ba, mai siririyar rigar tagulla, ta tara mata albarushi a baya. Irin wannan harsashi miƙewa yake yi kamar an ja igiya, ya riga ƙararsa isa. Yana shiga cikin dila sai ya tarwatse, dabba ta faɗi inda take ko shurawa babu. Sai dai gudun nan ba kyauta ba ne. Yana cinye cikin bututun bindiga, iska kaɗan ta kauce da shi, kuma idan mutum ya yi zari wajen albarushi, bindigar a fuskarsa za ta fashe. Don haka kaɗan-kaɗan take ƙarawa, ta harba, ta juya gindin kwanso a hasken taga tana neman alamar kumburi.

"Ke wata rana sai kin cire wa kanki ido," in ji tsohon.

"To, Baba, sai in yi saiti da ɗayan."

Ya yi tsaki ya fita. Amma ran kasuwar tumaki shi ne kan gaba wajen ba da labarin yadda 'yarsa ta kayar da dila daga nan zuwa can inda mutum ba ya rarrabe shi da dutse.

Da tsohon ya rasu aka raba gona biyu. Ƙaninta Wynand, ɗan lelen gida, ya sami ɓangaren da ke da rijiyoyi da kwari. Ita ta sami duwatsu. Ta haɗiye. Abin da ta kasa haɗiyewa shi ne abin da ya biyo baya. Wynand ya sayar da tumakinsa kakaf, ya zuba bareyi, ya gina ɗakunan baƙi, ya koma karɓar mutanen birni masu zuwa farauta da hunturu. Mutumin da ba shi da tinkiya me ya haɗa shi da dila? Diloli suka mai da gonarsa gidan haihuwa. Su kwana wajensa, su ratso ta ƙarƙashin waya su yi kalaci wajenta.

Ta sami ƙanin nata ya fi a ƙirga.

"Wynand, ka gyara wayarka, ko ka bar ni in shiga in share su."

"Haba Yaya, baƙina suna son jin kukansu. Wai yana sa su ji sun zo daji."

"Kukansu? 'Ya'yan tumakina ne a cikinsu suke kukan ƙoshi!"

Sai ya yi dariyar nan tasa, ya dafa kafaɗarta, ya ce ta rage zafi kada jininta ya hau. Haka yake tun yana yaro: ya fasa tulu, ya yi murmushi, a doki wani.

Abin da ya raba su ya faru ne wani hunturu. Aletta ta kai raguna kasuwa ta kwana a gari. Da ta dawo ta shiga ɗakin ɗura, ta ga gurbi a kantar ajiya, kwalayen harsashi biyu babu. Tana tsaye tana huci sai Jafta, tsohon makiyayinta wanda ya yi aiki tun zamanin mahaifinta, ya leƙo.

"Wynand ne ya zo jiya. Ya ce baƙinsa sun manto nasu a birni, kuma bindigarsu irin taki ce. Na ce ya jira ki, ya ce ɗakin ubansa ne."

"Me za su harba da shi?"

Jafta ya nuna wajen wayar iyaka. Ya ce ta zo ta gani da idonta.

A bakin kwamin ruwan da ke ƙarƙashin famfon da iska ke juyawa, kusa da wayar iyaka, wani namijin barewa ne tsaye da ƙafa uku. Kafaɗarsa a buɗe kamar an kwashe da faranti, fata da tsoka sun tafi, ƙashi fari a waje, ƙudaje sun yi baƙi a kai. Harsashin ya yi abin da aka gina shi ya yi: ya tarwatse. Amma a kan ƙashin kafaɗa ya tarwatse, bai shiga ko'ina ba. Dabbar ta ratso waya da wannan ciwo, ta kwana da shi, tana rawar sanyi. Ko gudu ba ta yi ba da ta gan su.

Aletta ta koma gida ta ɗauko tsohuwar bindigar mahaifinta mai nauyin dalma, ta dawo ta sauwaƙe masa. Jafta ya ce bai taɓa ganin fuskarta ta yi fari haka ba. Suka ɗora gawar a bayan a-kori-kura, ta ja mota ta nufi gidan ƙaninta, ƙura na bin ta.

Rana ta take. Baƙin su huɗu suna zaune a inuwa, an hura wuta ana gasa tsiren hanji, kwalaben giya sun jeru a tebur. Ta taka birki har tsakuwa ta watsu cikin wutar. Ta sauko, ta jawo barewar da ƙafafun baya, ta ɗaga ta da ƙarfin da ba a san tana da shi ba, ta maka a tsakiyar tebur. Kwalabe suka tarwatse. Ƙudajen ma suka biyo.

"Ga namanku, kun manta shi a gonata. Ku ci!"

Wynand ya miƙe da cokalin gashi a hannu. "Yaya, kina da hankali kuwa? Baƙi ne fa!"

"Baƙin wa? Kai ɓarawo, wa ya ba ka izinin shiga ɗakina?"

"Aro na yi. Kuma tun da kin kawo maganar, harsashin naki ma na banza ne. Jiya mun sha kunya. A harba, dabba ta faɗi, ta tashi ta gudu. Duk cika bakin da ake yi a gari, ashe hoto ne."

Nan ne ta tsaya cak. Muryarta ta sauka ƙasa, abin da ya fi ihunta ban tsoro.

"Nawa suka tashi suka gudu?"

Wynand ya kau da kai ya dubi wutar.

"Da kai nake, ɗan lelen Baba. Nawa?"

"Uku... ko huɗu. Ai daji ne, dila zai ƙarasa su."

Ta ɗauke shi da mari. Mutum mai furfura a gemu, a gaban baƙinsa, sai da hularsa ta faɗa cikin toka.

"A ɗaki ɗaya muka tashi da kai. Ka san harsashin nan na dila ne. Ka sani sarai! Kasala ce ta hana ka tuƙi zuwa gari ka sayo na kirki. Ka ɗauki aikin hannuna ka yayyaga bayin Allah da shi, kana zaune kana gasa hanji, sannan ka buɗe baki ka ce nawa ne na banza?"

Ɗaya daga cikin baƙin, wani kakkauran mai sabon takalmi, ya ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, mu ba mu san akwai bambanci ba. Kuma mun biya..."

"Ban haifi uwarka ba balle ka ce mini Gwaggo. Wanda bai san abin da ke cikin bindigarsa ba, ya ajiye ta ya riƙe muciya. Ku tashi. Wanda ya harba shi zai bi sawu."

Babu wanda ya motsa, sai wani siriri mai tabarau, likitan haƙori ne aka ce, wanda tun da aka maka barewar bai ɗauke ido daga kafaɗar ba. Ya ajiye kofinsa ya ce, "Ni na harbi biyu. Zan bi ki."

Sauran yinin a ƙafa suka yi shi, ita da shi da Jafta mai karanta sawu. Ba ta tausaya wa likitan ba. Ƙaya ta yage masa wando, ƙafarsa ta yi bororo, duk sanda ya tsaya shan iska sai ta ce su ma bareyin ba su sami hutu ba. Ɗaya suka iske ta riga ta mutu, dila sun fara ta. Ɗaya a cikin kwari, cinya a farfashe, Aletta ta ƙarasa ta. Ta ƙarshen sai da rana ta yi sanyi suka gan ta, mace ce, tsaye a bakin wani ɗan tafki. Muƙamuƙinta na ƙasa ya tafi gaba ɗaya, harshe na lilo. Tana tsoma fuska a ruwa tana ɗagowa, ba abin da za ta sha da shi.

Likitan ya durƙusa ya yi amai.

Aletta ta miƙa masa bindigar. "Tashi. Aikinka ne, ka gama shi."

"Ba zan iya ba. Hannuna rawa yake."

"Jiya bai yi rawa ba."

Ya karɓa, ya ɗora, bakin bindigar na yawo kamar reshe a iska. Ta dube shi, ta dubi dabbar, ta fisge abinta. Ba za ta bari a sake kuskure a jikin wannan ba don kawai ta koya wa wani hankali. Ƙara ɗaya, shi ke nan. Suka kama hanyar komawa.

Wynand bai ba ta haƙuri ba. Maimakon haka ya bi gari yana cewa yayarsa ta haukace, ta kore masa baƙi. Fasto ya zo sulhu, ta ba shi gahawa, ta saurare shi har ya gama, ta ce masa yafiya sai an roƙa, ita kuwa ba ta ji an ƙwanƙwasa ba. A coci ta koma bencin baya. Idan motocinsu suka haɗu a hanya, shi ya ɗaga yatsa, ita ta dubi gabanta. Shekaru suka tafi a haka.

Sai babban fari ya zo. Bareyin Wynand suka mutu, baƙi suka daina zuwa, ɗakunan suka zama na tantabaru. Da aka sami ruwa ya lallaɓa ya sayo 'yan tumaki ya koma sana'ar ubansa. Dilan da ya yi shekaru yana kiwo suka ce maraba. Haihuwar farko, da ƙyar ya tsira da rabin 'ya'yan. Shi kuwa harbinsa, in ji Jafta, ko rumfar aski aka ce ya harba sai ya sami famfo.

Matar Wynand ce ta zo, Hanlie, mace mai sanyin hali. Ta tsaya a ƙofar ɗakin ɗura tana murza hannu.

"Yaya, ba shi ya aiko ni ba."

"Na sani. Ba shi da wannan zuciyar."

"Jiya ya iske wata tinkiya da rai, an cinye mata baya. Ya shigo ya zauna, ko abinci bai taɓa ba."

Aletta ba ta juyo ba. Ta ci gaba da zuba albarushi a sikeli ƙwaya-ƙwaya har allurar ta tsaya. Sannan ta ce, "Ki gaya masa ya ɗaure karnukansa."

Gari na wayewa ta riga ta kwanta a kan tudun da ke kallon kwarin Wynand, gwiwoyinta na ciwo, tana zagin duwatsu, tana zagin iska, tana zagin ranar da aka haife shi. Ta jira iskar ta kwanta. Kafin hantsi ta kayar da dila uku. Haka ta yi ta zuwa har lokacin haihuwa ya wuce.

A safiyar ƙarshe ya hauro tudun da butar gahawa, yana haki, ya tsufa fiye da yadda take zato. Ya tsaya nesa kaɗan.

"Yaya... na gode."

"Ba don kai na zo ba. Don tumakin na zo."

"Na sani. Ga gahawa."

"Riƙe abinka." Ta tsince kwansunanta daga ƙasa ta zuba a aljihu, ta dafa dutse ta miƙe. Ya miƙo hannu zai taimake ta, ta harare shi ya janye. Ta fara gangarawa, sannan ta tsaya ba tare da ta waiwayo ba.

"Waccan tinkiyar mai ɗingishi, ƙaya ce a kofatonta. Ka cire mata yau, ba gobe ba. Sakarai kawai."