Ranar Da Na Zama Muryar Jakada

Abubuwa da yawa sun zube mini daga kai tun da na bar aikin masinja, amma ranar da na zama muryar Jakada tana nan daram. Wajen ƙarshen shekarun saba'in ne, a ofishin jakadancinmu da ke unguwar Dokki, can ƙasar Larabawa. Ga wanda bai sani ba, masinja shi ne wanda ake aika ya nemo abin da bai sani ba, in ya dawo a yi masa faɗa. Karatuna a aji uku ya tsaya, shi ma malamin ne ya gaji.

Jakada zai koma gida, yana so a ɗauki jawabinsa na ban kwana a fim. Malam Bala, jami'in mulki, wato wanda ɗauka da kora ke hannunsa, ya kira ni. "Tanko, kai da ka san kowane lungu, nemo mana mai ɗaukar fim. Ƙwararre."

Na nufi wurin da nake shan shayi. Akwai wani tsoho can, Ammu Latif, ya haura tamanin, kowa na miƙe masa. An ce tun ba a haife ni ba yake shirya finafinai, manyan gari na layin kallo. Ban tambayi dalilin da ya sa ya daina ba. Ashe a zamanin fim marar magana ya yi tashe. Da sauti ya shigo sai ya naɗe kayansa, ya ce surutu ya kashe sana'a.

Ran jawabi ya iso da akwati mai ƙafa uku da ake juyawa da hannu kamar injin taliya, da mazurarin kwali da yake magana ta ciki. Ya shafe Jakada da hoda, ya zizara masa kwalli. Jakada ya fara Turancinsa, tsoho ya hau ba da umarni, ni ina fassarawa da Larabcina na kasuwa.

"Ranka ya daɗe, ya ce ka zaro ido."

"Ina tsakiyar magana, Tanko."

"Ya ce ba ruwansa da maganar. Ka dafe ƙirji, ka dubi sama kamar an yi maka rasuwa."

Jakada ya dafe. Ya ɗauka haka manya ke yi.

Da aka wanko fim aka tara ma'aikata da iyalansu da ɗalibanmu da ke zaune a unguwar Hay el-Sabi', aka rataya zanin gado a bango. Sai ga Jakada fari fat, yana wurga hannu da sauri kamar mai korar zuma, baki na motsi, ko tari babu. Malam Bala ya matso kunnena, "Ina sautin?" Na tambayi tsoho. Ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri, wane sauti?"

"Tanko," in ji Malam Bala, "in fim ɗin nan ya ƙare a haka, gobe ka ajiye rigar aiki."

Ammu Latif bai ga abin damuwa ba. Ya ce a zamaninsu mutum ake tsayarwa gefen allo da sanda, yana gaya wa jama'a abin da ake faɗi. Ya cusa mini sandarsa. "Yalla, je ka."

Ni kuwa duk jawabin "tankiyu" kaɗai na kama. Sai na bi hannu. Inda Jakada ya dubi sama na ce, "Jama'a, rabuwa da ku ta fi mini ciwon haƙori zafi." Inda ya dafe ƙirji na ce, "Wanda na ɓata wa ya yafe mini, musamman kuku." Da ya nuna ƙofa na ɗaga murya, "Kuma bayan tafiyata kada a kori kowa a ofishin nan, ko da masinja ne."

Mata suka fara share hawaye, ɗalibai na ta ma sha Allah. Aka kunna fitila. Jakada ya juyo, shi ma idonsa ya yi ja.

"Bala, haka na faɗa?"

Malam Bala ya dubi taron, ya dube ni. "Kusan haka, ranka ya daɗe."

"To a kiyaye."

A bakin ƙofa tsoho ya karɓi sandarsa ya ce, "Jakadanku na da fuska, da na same shi da ƙuruciya da ya yi suna. Kai kuma surutu ya yi maka yawa."

Abin da na koya shi ne, a aikinmu babba hannu kawai yake motsawa, abin da aka ce ya faɗa kuwa yana bakin wanda ke tsaye kusa da shi. Ku yara, in an aike ku neman ƙwararre, ku tambaye shi yaushe ya yi aikinsa na ƙarshe. In kun manta, to kada ku tsaya nesa da allo.