Ƙullun Inna Hure a Dutsen Mambila

Kowa a Gummi ya san masar Inna Hure, wanda bai santa ba kuwa baƙo ne. Tun muna 'yan mata take suya a ƙofar gidansu, kuma ban taɓa jin ranar da ƙullunta ya ƙi tashi ba. Ni Nana maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya ta raba mu, don haka ba labari aka ba ni ba.

Ita ce shugabar 'Yan Loma, ƙungiyarmu ta mata masu son ci. Duk Juma'a mu taru gidan ɗaya, a dafa, a ci, a kushe. Cikinmu har da Malama Janet, ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin unguwarmu, 'yar asalin Gembu can kan dutsen Mambila. Da ta ajiye aiki za ta koma gida, sai Inna Hure ta ce mu za mu kai ta.

Abin da ya ƙara zuga ta, jikarta Munira ce ta nuna mata Turawa a waya, sun ɗaura katako a ƙafa suna sulɓi kan ƙanƙara, in sun gaji su zauna su ci.

"Su riƙe katakonsu," in ji ta. "Dutsen da cin muke so."

Wayyo, shirin tafiyar nan ya ba mu wuya! Ta sa Makau direba ya duba tayoyinsa a gabanta. Ta sa Malama Janet ta kama mana masauki a kan dutse. Ta kora mu wurin 'yan gwanjo, kowa ta sayi rigar sanyi, tawa har da hula mai kunnen zomo. Aka loda shinkafar fadama, busasshen kifin gulbi, daddawa, da tandarta ta ƙasa wadda ta naɗe da zane ta rungume a cinya. Dalili kuwa, mahaifiyar Malama Janet ta tsufa ƙwarai, haƙora sun zube, shekara da shekaru tana jin labarin masar Hure ba ta taɓa ɗanɗanawa ba. Inna Hure ta aika mata da alkawari: da hannunta za ta soya mata.

Mun sha hanya har ƙafafu suka kumbura. Da muka hau dutsen kuwa, sanyi ya ce bismilla. Muka sha shayinsu, muka ci nama da ayaba da zuma har na ji tsoron kada zanena ya daina zagaye ni. Da yamma Inna Hure ta kai niƙa, ta haɗa ƙullu ta rufe ta ajiye a lungun ɗaki, yadda take yi a gida.

Da safe ta buɗe. Yana nan kwance yadda ta bar shi, ko kumfa ɗaya babu. Mu mutanen zafi ina muka san ƙullu ma yana jin sanyi? Tsohuwa kuma bayan la'asar za a kawo ta.

Ban taɓa ganin Inna Hure ta tsorata ba sai ranar, har ta ba ni tausayi. Mai masaukin ya ce a kai bakin murhu.

"A'a, ɗana, wuta gefe guda za ta dahwa mani shi. Wanga ƙullu ɗan Gummi ne, ɗumin gida yake nema."

Sai ta juyo kanmu. "Ku tuɓe rigunan nan!"

Na ce, "Inna, kashe mu za ki yi?"

"Ke Nana, da kitsenki wane sanyi zai kama ki?"

Muka tuɓe muna ƙunƙuni. Ta juye ƙullun a roba mai murfi, ta naɗe da rigunanmu, ta ɗora hulata a kai, ta ɗaga ta goya a baya da zane kamar jariri. Haka ta yi ta zagaya tsakar masaukin inda rana ta ɗan leƙo. Da ta gaji na karɓa, daga ni sai Malama Janet. Makau ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, yana tambayar yaushe suna.

Wajen azahar ni ce da goyo, sai na ji murfi ya yi fus a bayana. Na ƙwalla guɗa! Ƙullu ya tashi har yana neman zubowa.

Aka kawo tsohuwa a kan babur, a lulluɓe da bargo. Inna Hure ta durƙusa ta miƙa mata masar farko da zafinta, ta tsoma a miyar taushe. Tsohuwa ta ci ɗaya, ta ci biyu, ta miƙo hannu. Sannan ta yi magana da yarensu, Malama Janet ta rufe fuska tana dariya da hawaye.

"Mi ta ce?" in ji Inna Hure.

"Ta ce yanzu ta gane abin da ya riƙe mata ɗiya a Gummi. Ta ce ta yafe."

Ranar da za mu sauko, na ga cinyar Inna Hure babu komai a mota. Na ce ta manta tanda.

"Ban manta ba," ta ce, tana share ido da bakin mayafi. "Na koya wa Janet goyon."