Rigar Aikin Yayana

Da zarar zafi ya kankama a Riyad, sai samarin unguwar Malaz su fito da wasu riguna masu faɗi da gajeren hannu, aljihu biyu a ƙirji, ga wando burgujeje mai aljihu har gwiwa. Wai ado ne! In na gan su dariya ke fara kama ni, daga baya abin ya tsaya mini a rai. Kayan kanikawa ne fa, sak. Irinsu yayana ya sa har ya koma ga Allah, ba wanda ya taɓa ce masa ya yi kyau.

Shi ya riga ni zuwa daga Maraɗi, shi kuma ya samo mini aiki a garejin da yake gyaran motoci a unguwar Gubaira. Rigarsa shuɗiya ce, ta koɗe. Ya datse mata hannu da almakashi saboda zafi, ya ɗinka ƙarin aljihu da jan zare don sifana da asuwaki. Nakan tsokane shi in ce, "Yaya, wannan ko mahaukacin kasuwa ka ba, sai ya maido maka." Sai ya ce, "Bar ta, ita ke ciyar da gida."

Amma mutanen gida ba su taɓa ganinta ba. Al'adarmu ce mu 'yan ci-rani, ranar Juma'a a yi wanka, a zura farar jallabiya mai guga, a je unguwar Dira a tsaya gaban tsohon ginin Masmak a ɗau hoto a tura. Yaya har hannuwansa yake mayarwa baya, kada a ga baƙin mai a farce.

Da ya rasu, nan aka binne shi, ni na haɗa kayansa. Na jera jallabiyoyin a akwati, na feshe su da turare, na ba wani mai komawa gida. Rigar aikin kuwa aka yi mata abin da ake yi wa kowace tsohuwar riga a gareji, aka jefa ta buhun tsumma. Ko a jikina. A ganina mutuncinsa na kare.

Bara babban ɗansa ya kira ni ta bidiyo. Yana rarrafe uban ya taho, yanzu har da gemu. Ina dubawa sai ga shi cikin irin rigar samarin nan, ya samo a gwanjo. Na ce, "Kai ɗan nan, kanikanci ka fara ban sani ba?"

Ya ce, "Yayi ne, Baffa."

Na ce, "Yayin banza, ubanka ya riga ku." Bakina bai da linzami, na kwashe labarin shuɗiyar rigar na ba shi, har da jan zaren.

Sai ya ce, "Mu fa mun ɗauka a ofishin garejin yake zama. Baffa, don Allah ka turo mini ita. Jallabiyoyin nan na shinshina su ɗaya bayan ɗaya, turare kawai nake ji."

Wayyo Allah. Washegari na zazzage buhun tsumma tas, abokan aiki na kallona kamar na zare. Ina! Shekaru sun wuce. Mai yiwuwa ma da hannuna na goge wani inji da ita na yar, ban ko lura ba. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Na kira yaron na faɗa masa. Ya ce, "Ba komai, Baffa. To ko hoto, yana cikin aiki?"

Na bi hotunan wayata tun daga farko. Duk ga shi nan fari fat gaban Masmak, hannuwa a baya.