Ƙwallon Tsakiya

A gidanmu, a wani ƙauye kusa da Gwiwa, idan aka ajiye kwanon tuwo muka zagaye shi, naman da ke tsakiya ba a taɓa shi sai babba ta raba. Kina iya cin gabanki har ki ga gindin kwano, amma hannunki ba ya ƙetarawa. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya koya min wannan. Na tashi na ga ana yi, kuma ranar da na manta sau ɗaya, kallon da kakata ta yi min bai bar ni ba har yau. Mu Fulani ne da muka zauna muka kama noma. Shanun sun ragu, kunyar ce ba ta ragu ba.

Da wannan tarbiyya na shiga wasan tanis.

A makarantar kwana da na yi a Kazaure akwai wani tsohon filin siminti a bayan ɗakin girki, daf da gindin dutse. Simintin duk ya tsage, ragar kuma an ɗinke ta da igiyar buhu a wuri uku. Malamin wasanninmu, wani dattijo mutumin Roni da kowa ke kira Koci, shi ya gan ni ina bin akuyar da ta ɗauke min littafi, ya ce yarinyar da ta kamo akuya a kan dutse ba za ta rasa ƙwallo a kan siminti ba. Ya miƙo min raket, wato abin bugun, na riƙe shi kamar muciya, 'yan ajinmu suka yi ta dariya.

A filin nan na haɗu da wadda ta zama abokiyar wasana. Ta girme ni da shekara shida, ta riga ta gama makaranta, tana buga wa wata ƙungiya wasa, tana zuwa atisaye wurin Koci duk ƙarshen mako. 'Yar Babura ce, Babarbariya, mahaifinta mai sayar da hatsi. Idan ta yi magana a fili, masu girki na jin ta a cikin ɗakinsu. Tana jin daga inda na fito ta tafa hannu.

"Bafillatana, kuma daga Gwiwa? Allah ya kawo min baiwa har gida. Daga yau sunanki Gwiwata."

Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa na tun kaka da kakanni, don haka ina da damar ramawa. Ban rama ba. Na sunkuyar da kai na ce, "To, Yaya." Haka muka ci gaba da kiran juna, har wasu abokan wasa ba su san sunayenmu na yanka ba.

Da na gama makaranta, Koci ya haɗa mu wasan bibbiyu, ƙungiyarta kuma ta ɗauke ni. A wasan bibbiyu mutum biyu ne a wannan gefen raga, biyu a wancan, kowacce da ɓangarenta. Ƙwallon da ta zo dama ta mai dama ce, ta hagu ta mai hagu. Rigimar tana ga wadda ta biyo tsakiya. Dole ɗaya ta yi saurin cewa "Tawa!" da ƙarfi, ɗayar ta kauce. In ba haka ba ku yi karo, ko ku tsaya kuna kallon juna ƙwallo ta wuce abinta.

Ni kuwa bakina ya ƙi furta kalmar nan. In tsaya a gaban jama'a in daka wa wadda ta girme ni tsawa cewa abu nawa ne? Ƙafata takan isa wurin, hannuna ya ɗaga, sai wani abu ya riƙe ni, in ja da baya in ce, "Taki, Yaya." Kafin ta ji ta juyo an ci mu. Wasanmu na farko a Kano haka aka yi mana kaca-kaca. Abokan karawarmu sun gano mu tun zagayen farko, suka bar gefe suka yi ta aikowa tsakiya.

Koci ya yi faɗa har muryarsa ta dishe. Ya tsayar da ni a gaban dutse ya ce in yi ta ihun "Tawa!" sai ya ji dutsen ya amsa. A gaban dutse na iya. Da zarar Yaya ta tsaya a gefena sai abin ya koma ciki.

Ita ce ta gano bakin zaren, ranar da ta raka ni ƙauyenmu gaishe da mahaifiyata. Aka kawo tuwo, ta ga na ci gabana na tsaya, ƙannena su ma sun tsaya, duk muna jiran ta, tunda ita ce babba a kwanon. Ta dubi naman, ta dube ni, ta kwashe da dariya har da riƙe ciki.

"Ashe abin da ke damunki ke nan! Kin mai da ƙwallo tsokar nama. Shi ke nan, Gwiwata, na ɗauke miki. Duk ta tsakiya tawa ce. Ke dai ki tsare min baya."

Haka muka yi shekara tara. Ta tsakiya tata ce, ko daga ina ta taso, ko da kuwa ni ce a kusa. Takan baro ɓangarenta a guje tana ihun "Tawa!", ta taka da ƙafar dama ta juya a kanta, ta buga, sannan ta koma da gudu. Ni kuma ina baya ina kwashe duk abin da ya wuce ta. Kuma abin ya yi mana. Mun je Kaduna, mun je Abuja da Legas, har Nijar mun ƙetara. Muna shiga fili da dogon wando da ƙaramin hijabi, 'yan kallo su fara murmushi, kafin a tashi sun koma tafi. Mahaifina bai taɓa fahimtar yadda bin ƙwallo ya zama aikin yi ba, amma ya rataye lambar yabona ta farko a ƙusar da yake rataye carbinsa.

Ina jin daɗin shekarun nan idan na tuna su, ba zan ɓoye ba. Ina ganin na samu hanyar da zan yi wasa ba tare da na zubar da tarbiyyar gidanmu ba. Har alfahari nake yi a raina cewa ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba.

Gwiwarta ta dama ta fara ciwo a shekara ta bakwai. Ba ta faɗa ba. Na dai ga tana ɗaure ta da bandeji a ƙarƙashin wando, sannan na ga ta daina zama a ƙasa idan muna cin abinci a tasha. Tana nan tana ihun "Tawa!" kamar da, sai dai muryar kan riga ƙafar isa. Ƙwallayen da a da take kaiwa a tsaye, yanzu sai ta miƙe har tana neman faɗuwa, wasu kuma su wuce. Ina ganinsu suna wucewa taku biyu daga inda nake.

A shekara ta tara ƙungiyarmu ta ce za ta rage 'yan wasa. Za a yi gasar tantancewa a Kano, bibbiyun da ba su kai wasan kusa da na ƙarshe ba, sai a sallame su. Koci ya kira ni gefe bayan atisaye.

"'Yata, magana biyu ce. Ko ki karɓi tsakiya daga hannunta, ko in haɗa ki da wata yarinya sabon jini. In kuka shiga a haka, ku biyun za ku tafi gida."

Na ce, "Malam, ba zan iya barin ta ba."

Ya ce, "To ki buɗe baki."

Na hau mota zuwa Babura da niyyar yi mata maganar. Na same ta a tsakar gida, ƙafar a miƙe bisa buhun gero, mahaifiyarta tana shafa mata man zafi. Gwiwar ta kumbura, ta yi sheƙi. Tana ganina ta ja zane ta rufe.

"Kada ki zaro min ido, Bafillatana. Gwiwa uku gare ni. Ɗaya ta ci amanata, saura biyu, kuma ga ɗaya nan ta zo gaishe ni."

Na yi dariya, muka ci abinci, na hau mota na dawo da maganata a ciki. Na ji haushin kaina a hanyar nan ƙwarai.

Wasa biyu na farko mun ci da ƙyar. Na uku shi ne mai raba gardama, da wasu 'yan mata biyu da ba su kai shekara ashirin ba. Ba su san mu ba, amma suna da ido. Suka yi ta aikowa tsakiya, Yaya tana zuwa, tana kai wasu tana rasa wasu. Kowane ɓangare ya ci zagaye ɗaya. A zagaye na ƙarshe, da rana tsaka, muka kai inda maki ɗaya ya rage mana, in kuma ya kuɓuce sai an sake dogon lale, wanda na san ƙafarta ba za ta kai ba. Ina jin numfashinta daga inda nake.

Ƙwallon ta taso tsakiya, ƙasa-ƙasa, da gudu. Na ga Yaya ta ɗaga ƙafar dama, na ga fuskarta ta yamutse tun kafin ta taka. Ban yi shawara da kowa ba.

"Tawa!"

Ban san ina da irin wannan muryar ba. Yaya ta tsaya cak. Na shiga gabanta na buga, ƙwallon ta ratsa tsakanin yaran biyu ta sauka cikin layi. Alƙalin wasa ya ba mu. Koci ya jefa hularsa sama, dattijo da shi.

Na juyo ina jiran tsiya, don Yaya ba ta taɓa barin abu ya wuce ba ta tsokane ni ba. Sai na ga ta sauke raket tana kallona kawai. Ta dafa kafaɗata muka fita daga fili, nauyinta duk a kaina.

Muka hau motar komawa Kazaure, har muka wuce rabin hanya. Tana kallon gonaki ta taga ta ce, "Shekara tara ina jiran in ji kalmar nan a bakinki."

Na ce, "Ki yafe min, Yaya. Na yi miki tsawa cikin mutane."

"Tsawar ce ta dame ki?" Ta juyo. "Gwiwata, da kin yi min tsawar nan shekara biyar da suka wuce, da yau ina da ƙafa."

Da murmushi ta faɗa, irin na wasan Barebari da Fulani, har ta ɗan ture ni da kafaɗa. Amma ba wasa ba ne, kuma mu biyun mun sani. A cikin motar nan na fara tuno su, ƙwallayen da suka faɗo kusa da ni na ja da baya. Kowacce gudu ce da ya kamata in yi, ita ta yi. Kowacce juyi ce a kan gwiwar dama. Ni ina can baya ina jin daɗin ladabina, ita tana ɗaukar aikin mutum ɗaya da rabi. Ita ta ce ta ɗauke min, gaskiya ne, amma ni ma ban taɓa tambayar ta ko ya yi mata nauyi ba.

Gurbin da muka ci ba ta zauna a cikinsa ba. Bayan mako biyu likita ya duba ƙafar ya ce wasa ya ƙare. Na yi shekara biyu ina bugawa da yarinyar da Koci ya ambata. Ina ce mata "Tawa!" ba tare da wata wahala ba, tunda na girme ta. Ba mu taɓa yin abin kirki ba.

Yanzu ni ke koyar da 'yan mata a filin nan na gindin dutse. Nakan haɗa ƙarama da babba da gangan, in tsaya ina sauraro. Idan na ji "Taki, Yaya," sai in tsayar da wasa. Ba na ce musu kunya ba ta da kyau, don ban yarda da hakan ba. Nakan ce wa ƙaramar ta dubi ƙafar yayarta.

Yaya tana Babura da mijinta da 'ya'yanta, tana sayar da atamfa a gida. A kan kujera take sallah. Watan jiya na je, muna zaune a tsakar gida muna hira, tukunyar da ke kan murhu ta tafasa ta fara zuba. Tana tsakaninmu, taku uku daga ita, taku uku daga ni. Na ga ta dafa hannun kujera za ta yunƙura.

Na ce, "Tawa."

Ta tsaya da hannunta a kan kujerar, ta dube ni sama da ƙasa.

"Kin makara, Bafillatana," in ji ta. Sannan ta koma ta zauna, ta miƙe ƙafar a hankali. "Amma je ki."