Rabin Addu'ar Kaka

A Gure idan sanyi ya shigo ba a raba tsoho da wuta, kakata kuwa ta fi kowa. Da an ci tuwon dare sai ta sa a kai mata kaskon garwashi ɗakinta, ta jefa ƙwallon goruba a ciki don wutar ta daɗe, ta miƙe ƙafafunta masu ciwo, mu kuma mu kewaye ta. Ni ce babba, sai ƙanena Mutari wanda take kira maigidanta, sai 'ya'yan maƙwabta da ƙanshin dabinon da take ɓoyewa a ƙarƙashin tabarma yake jawowa. A hannunta na dama kullum akwai carbi baƙi, ya sha hannu har yana sheƙi. Ko tatsuniya take yi yatsunta ba sa tsayawa.

Kaka ba 'yar Gure ba ce. Daga Dogon Dutsi take, can yamma, kuma Kirista ce, 'yar Katolika tun tana budurwa. Babanmu ne ɗanta na fari, shi kaɗai kuma ya rayu. Aikin likita ya kawo shi Gure, ya zama majo, wato shugaban malaman jinya, ya musulunta, ya auri mamanmu 'yar gari. Da kakanmu ya rasu sai ya je ya ɗauko ta. Ban taɓa jin ta ga laifinsa a kan musuluntar ba, ko sau ɗaya. Abin da ya faru ranar da ta iso ne ya tsaya mini a rai.

Ko ruwan da Mama ta kawo mata ba ta gama sha ba, Baba ya ga carbin a wuyanta da ɗan gicciye yana lilo a ƙarshensa. Ya tsuguna a gabanta, ya yi ƙasa da murya.

"Inna, nan ba gida ba ne. Mutanen garin nan suna ganin girmana, surukaina ma haka. Wannan abin zai jawo magana."

Ta dube shi ta daɗe. Sannan ta cire carbin ta miƙa masa.

"Yanke, ɗan nan. Hannuna ya san wurinshi."

Da almakashin yanka bandeji ya yanke shi, ya jefa gicciyen a aljihu, har yau ban san inda ya kai shi ba. Abin da ya rage sai ya koma kamar kowace tasbaha ga wanda bai tsaya ƙirga ba, kuma wa zai tsaya ƙirga carbin tsohuwa? Ƙafafu sun hana ta fita, kowa ya ɗauka a zaune take sallarta. Kafin shekara ta zagayo sunanta ya bi unguwa, wai uwar Majo bakinta ba ya rabo da ambaton Allah. Ya Falmata, maƙwabciyarmu mai sayar da kanwa, har jikokinta take kawowa a tofa musu addu'a idan suna haƙori. Kaka ta karɓe su ta tofa. Da na yi mata tsiya a kan haka sai ta ce, "To mi zan yi? In hana jinjiri addu'a?" Limamin cocin Katolika yakan zo daga Damagaram jefi-jefi saboda 'yan tsirarun ma'aikata Kiristoci da ke garin. Baba ya san ranakun zuwansa, bai taɓa gaya mata ba.

A ɗakinta nake kwana, don haka na haddace addu'arta ba tare da ta koya mini ba. Guda ɗaya ce take ta maimaitawa, ƙwaya bayan ƙwaya. Takan fara da "A gaishe ki Maryamu, cike da alheri," ta tafi har tsakiya, sai ta yi shiru. Shirun ba dogo ba ne, kamar na mai jiran a amsa masa sallama. Daga nan ta ja numfashi ta ƙarasa da kanta: "ki roƙa mana, mu masu zunubi, yanzu da lokacin mutuwarmu." Na lura idan takun Baba ya gifta ta ƙofar ɗakin takan ɗan ɗaga murya a rabin farko, shirun kuma ya fi tsawo.

Bakina bai da linzami ina yarinya. Wata rana a gaban sauran yara na ce, "Kaka, ba ki gajiya da magana ɗaya? Ko Allah bai ji ki ba tun farko?"

"Ji mini marar kunya," ta ce, ta dungure mini kai. "Ku matso, ga wata ta taho daga nesa da ƙura a ƙafa."

Muka ce, "A ba ta tabarma." Haka muke buɗe tatsuniya a ɗakin nan.

Wai akwai wata mata mai lambu a cikin kwari, irin kwarurrukan nan namu da tudun rairayi ya kewaye, dabino da rijiya a tsakiya. Tana da ɗa ɗaya. Wata rana akuyarsu ta ɓalle, yaron ya bi ta, ya hau tudu ya sauka, ya hau wani ya sauka, da ya waiwayo sai ya ga tuddai duk kamarsu ɗaya, iska kuma ta share sawunsa. Maza suka fita nema suka dawo hannu wofi. Uwar ba ta da raƙumi, ba ta da ƙafar yawo. Sai ta hau tudun da ke bayan lambunta ta yi kira. Da yake ɗan fari ne ba ta iya faɗin sunansa, sai ta ce, "Ɗan nan, ga gida." Ta yi shiru ta saurara. Ta sake cewa, "Ɗan nan, ga gida." Gobe ma haka, jibi ma haka, har muryarta ta dushe ta dawo ta sake dushewa.

Matan kwarin suka fara yi mata dariya. Suka ce ai sai ki canza magana, ki yi masa alkawarin fura da nono, ko ki yi masa waƙa, ko ki zage shi ya ji haushi ya fito. A nan Kaka takan gyara zama ta canza murya, ta zama matar sosai.

"Wanda ya ɓace ba labari yake nema ba. Murya guda yake so, daga wuri guda, har ya gane inda zai sa ƙafa. In na canza magana yau, gobe ya ɗauka wata ce."

Ashe can cikin tuddan akwai aljana da ta ji kwaɗayin yaron. Ita ma ta shiga kiransa, da murya mai zaƙi, yau ta ce ga nama, gobe ta ce ga riga, tana ta zuba ba tsayawa. Yaron ya kasa kunne. Murya ɗaya ba ta numfasawa, ɗaya kuwa kalma huɗu ce kawai, sannan ta yi shiru. Ya ce a ransa, wadda take tsayawa ta ji ko ina da rai, ita ce uwata.

Daga nan tatsuniyar takan zama wasa. Kaka ta sa hannu a baki ta ce, "Ɗan nan, ga gida," mu kuma mu haɗa baki mu ce, "Na'am, Inna." Ta sake, mu sake, kowane kira muna ƙara matsowa da gindi har Mutari ya faɗa cinyarta, ta ce maigida ya dawo, a ba shi dabino. Sai ta rufe da cewa tatsuniya ta naɗe tabarmarta, wanda ya yi barci ya yi asara. Duk wannan Baba yana zaune a tsakar gida da rediyonsa, taku kaɗan daga ƙofar.

Bayan yara sun watse na tambaye ta shirun da take yi a tsakiyar addu'a. Ta ce addu'ar ta mutum biyu ce. A cocinsu mutum ɗaya ne yake jan rabin farko, jama'a su amsa da rabin ƙarshe, haka ma a gida, uwa ta ja 'ya'ya su amsa.

"Ubanki tun bai iya ɗaura wando ba yake amsa mini," ta ce. "Muryarshi ta fi ta kowa."

Da jikinta ya fara ƙi sosai, wata safiya Baba ya shigo auna ta, ina zaune ina dama mata kunu. Ta riƙe hannun rigarsa.

"Ɗan nan, ban roƙe ka komi ba tun da na zo. Ban ce ka koma ba, ban ce ka kai ni coci ba. Amma ranar da zan tahi, in na ja, ka amsa mini. Sau guda. Ko a kunne ne."

Ya ce, "To, Inna." Da kunnena na ji.

Da rana tsaka ta rasu, cikin bazara. Tun hantsi ɗakin ya cika da mata, kawunnan Mama suna zaure, Ya Falmata ta ɗora kan Kaka a cinyarta tana share mata gumi tana laƙƙana mata kalmar shahada, tana kuka. An kore mu yara, ni na maƙale a jikin ƙyaure. Baba yana tsugune a gefen Kaka riƙe da wuyan hannunta, kamar majo a bakin aikinsa. Ta buɗe ido ta same shi. Leɓunanta suka motsa, ba wanda ya ji abin da take cewa, amma ni na san tsawonsa, na bi shi a raina har tsakiya. Sai ta tsaya. Ta zuba masa ido tana jira.

Ya dubi matan da ke ɗakin. Ya dubi agogonsa. Bai sunkuya ba.

Na san rabin da ya rage, amma ba ni take jira ba. Wannan karon ba ta ƙarasa da kanta ba, ƙarfin ya ƙare, ko kuwa ta ƙi ne, Allah ya sani. Kafin la'asar an yi mata wanka da sutura, an sallace ta, jama'a har bakin hanya. Liman ya yabe ta, ya ce tsohuwa ce da ta tafi da carbi a hannu. Ban taɓa riƙe mutanen Gure a zuciya ba. Sun yi mata abin da suke yi wa wanda suke ƙauna, da abin da aka bari suka sani. Babana ne na riƙe, kuma ban ɓoye wa kaina ba. Na yi masa biyayya, na yi masa hidima, amma duk ranar da aka yabi kirkinsa a gabana sai na ga idon nan yana jira. Sunkuyawa ɗaya ce, da ba wanda zai ce komai, cewa za a yi ɗa yana sallama da uwarsa.

Na girma, na zama malamar lakwal, wato makarantar boko, na yi aure a Damagaram. Ni Musulma ce, ina jan tasbahata bayan kowace salla, kuma a wurin Kaka na fahimci abin da nake yi. Akwai ranakun da zuciya ba ta da abin faɗa, ranar da na binne ɗana na biyu tana cikinsu. A irin ranakun nan mutum ba ya iya ƙirƙiro magana, sai wadda baki ya saba da ita ta ɗauke shi. Na daina ganin maimaici a matsayin rashin abin cewa.

Bara waccan Baba ya kwanta, tsufa ya cinye masa tunani. Ya manta aikin likita, ya manta Mama da ta riga shi rasuwa, Mutari ma kallon baƙo yake masa. Na koma Gure jinyarsa, a ɗakin nan dai na Kaka, don ya fi sanyi. Wata yamma ina ba shi kunu sai ya ture cokalin, ya karkata kai wajen ƙofa kamar an kira shi. Ya yi shiru yana saurare. Sannan ya buɗe baki da wata ƙaramar murya da ban san shi da ita ba: "ki roƙa mana, mu masu zunubi, yanzu da lokacin mutuwarmu." Ya sake yin shiru, daidai tsawon rabin farko, ya sake amsawa. Bai taɓa jan farkon ba, amsar kawai yake bayarwa. Haka ya yi ta yi har kunun ya huce a hannuna, washegari ma haka, har ranar da ya cika.

Da na ba wata abokiyar aikina Kirista labarin, hawaye ta yi, ta ce kin gani, addu'ar uwa ba ta faɗuwa ƙasa. Wataƙila gaskiyarta. Kiran ya isa, na shaida, matar kwarin ba ta yi wauta ba. Amma ni ba daɗi na ji ba a ɗakin nan, haushi ne ya turnuƙe ni har na fita tsakar gida. A tatsuniya yaron yana amsawa uwarsa tana kan tudu. Kaka sau ɗaya ta roƙa, tana da rai, hannunta cikin nasa, ya dubi agogo. Shi da ya hana ta, da tasa ranar ta zo, muryarta ce ta zo ta zauna da shi, ga shi yana ta zuba amsa ba adadi, ba kowa a ɗakin sai ni da kwanon kunu.