Takardar Naɗe Ƙosai

Gwaggona, ƙanwar Baba, ƙosai take soyawa a bakin kasuwar Gwaram. A wurinta, duk takardar da aka riga aka yi rubutu a kanta ta gama aikinta a duniya, saura naɗe ƙosai. Tsofaffin littattafanmu na makaranta duk can suke ƙarewa. Kowa a gidan ya san haka, har da ni mai ji da wayo.

Shekarata goma sha shida lokacin, zamanin da kuɗin mai ya fara shigowa, kowane ma'aikaci sai ka gan shi da sabon babur. A makarantar kwana an san ni da rubuta labarai, 'yan ajinmu suna karɓa hannu da hannu har bangon littafin ya yage. Amma akwai guda da ban taɓa nuna wa kowa ba. Labarin wata yarinya ce da take son ƙawarta, ba son ƙawance na aron ɗankwali da rakiya rafi ba, son da ke hana mutum cin abinci. Ban sa sunana ba, amma ni ce. Da na zo hutu sai na cusa shi cikin tarin tsofaffin littattafai a ƙarƙashin gado, wai nan ne ba mai dubawa.

Ranar kasuwa da hantsi na leƙa, babu tarin babu dalilinsa. Ban san sadda na kai bakin kasuwa ba. Na tarar da littafin a gefen kaskon Gwaggo, an yage kusan rabinsa.

"Gwaggo, wa da wa kika sayar wa?"

"Ke 'yar boko, sunan mutane nake rubutawa? Duk mai baki a garin nan."

Na fizge ragowar na gudu, tana bina da faɗa. Mako guda ban san ɗanɗanon tuwo ba. Masu karatun boko a garin ba su da yawa, kuma dukkansu abokan Baba ne, shi da yake malamin gona. Shi ya koya mini riƙe alƙalami, ko daga nesa zai gane rubutuna. Duk wanda ya yi sallama a ƙofar gida sai in ruga ɗaki in ɓuya. Na yi ta zagaya kasuwa ina tsintar takardu masu maiƙo, kuma ban taɓa yi wa awaki addu'a ba sai a makon nan, don na ga suna cinye wasu.

Da kasuwa ta zagayo, Gwaggo ta aiko a ce malamar asibiti tana nemana. Wata mata ce mai kimanin shekara arba'in da 'yan kai, daga Birnin Kudu take zuwa duk ranar kasuwa tana awon jarirai a ɗakin shan magani. Ba ta dariya, yara ko farin kayanta suka hango sai kuka. Na ce shi ke nan, tawa ta ƙare.

Ta ja ni bayan ɗakin, gindin darbejiya, ta buɗe jaka ta fito da takarduna. Ta jera su bi da bi, har guga ta yi musu.

"Ke kika rubuta wannan?"

"Daga littafin Turanci na kwafo, Malama."

"Ƙarya kike yi. Wane Bature ne ya san kitson shuku?"

Na fashe da kuka. Ta bari sai da na gaji, sannan ta ce ƙosan karyawa ta saya ranar, ta karanta abin da ke jikin takardar, sai ta yi ta aikawa ana ƙaro mata don kada sauran su faɗa hannun wani. "Har gwaggonki ta ɗauka suna nake yi. Ga shi ƙosai ƙwannafi yake sa ni."

Sai ta tambaye ni yadda labarin ya ƙare. Na ce yarinyar rafi take faɗawa da damina, domin na rasa inda zan kai ta.

Malama ta tattara takardun. Da ta buɗe baki, muryarta ba irin ta ɗakin awo ba ce.

"Sadda nake kamarki, da na sami takarda ɗaya irin wannan, ko da a jikin ƙosai ce, da ban shekara goma ina zaton ni kaɗai ce a duniya ba." Ta miƙo mini takardun. "Kada ki kashe ta, 'yata. Na san irinta a Birnin Kudu. Tana nan da ranta, tana aikin gwamnati. Jiya ma sai da suka yi faɗa da ƙawar tata a kan wa ya bar miya ta ƙone."

Na ɗago na dube ta, ita kuma ta shiga gyara jakarta. Ta ce in nemi maɓoyar da hannun Gwaggo ba ya kaiwa, ta koma wurin jariranta.

Wani sanyi ya ratsa ni har tafin ƙafa, sai kuma yunwar mako guda ta taso mini gaba ɗaya. Na biya gida na ɗauko ragowar littafin, na koma wurin Gwaggo na zauna na ci ƙosai har ta fara harara. Shafin ƙarshe, mai rafin, ni da kaina na yage shi na cusa a wutar da ke ƙarƙashin kaskonta.

"Kai, 'yar nan akwai ɓarna," in ji Gwaggo. "Takarda mai kyau haka, da ta naɗe ƙosai biyar."